Ƙahon da Ya Taɓa Goshin Yero

Magariba ta kawo kai a Barkiya, Adama na kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo kan jinkar ɗakin mijinta. Wani ya biyo baya. Ta leƙa bayan danga, babu kowa.

Mijin nata, Yero, na zaune a bakin ƙofa, bai ko ɗaga kai ba. Haka yake tun kaka, ranar da bijimi ya tunkuye shi a goshi a kasuwar Dutsin-Ma, ya daɗe a sume. Rauni ya warke, yana gane mutane, yana ci in an miƙa masa. Amma mutumin da ke kiran shanunsa ɗaya-ɗaya da suna ya daina tambayarsu. Yayansa Hamma ya kora garken zuwa rugarsa, ya ce aljani ya shiga ƙanensa, sai ya fita zai maido. Abokan hira ma suka ɗauke ƙafa.

Jifa ya ci gaba kowace yamma, har ranar da 'yarsu Lauratu ta faɗi tana magana da muryar tsoho. Adama ta tsorata, amma can ƙasan ranta sanyi ta ji. Ga wanda ya riƙe mata miji, in an kore shi Yero zai dawo.

Aka ɗauko Malam Ilu daga Kurfi, Hamma ma ya zo. Malam ya yi ta karatu a kan yarinyar har muryar ta roƙi sassauci. Ya umarce ta ta saki yarinyar da ubanta.

"Yarinya zan saki, in an bar mini tsohuwar rijiyar bayan gida," in ji muryar. "Ubanta kuwa ban taɓa shi ba. Ƙaho ya kashe abin da ke zaburar da shi. Ku kuka ƙarasa, kuka raba shi da aikinsa, kuka bar shi shi kaɗai. Hamma ya sani sarai. Tuni ya sayar da shanun."

Hamma ya sunkuyar da kai. Malam ya amince a bar wa aljanin rijiyar, Lauratu ta yi atishawa ta farfaɗo.

Adama ta durƙusa gaban mijinta. "Maigida, ka ji abin da ɗan'uwanka ya yi mana?"

Yero ya dube ta, ba fushi, ba baƙin ciki.

"Na ji," ya ce.

Ta daɗe a durƙushe tana jiran ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba.