Jirgin da Na Ƙera da Bakina

"Wallahi Munawwara ba kya tsoron Allah."

"Ke da kike tsoronsa, ga ɗakin Inna can. Shiga ki gaya mata."

"Mamaci fa. Mamaci kike sa wa magana a baki duk Juma'a, har da dariya."

"Wa ya ga gawar?"

Yaya Khairiyya ta tsaya da muciya a hannu tana kallona. A madafi muke, muna faɗan ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji. Daga gidan mijinta a Birnin Kudu ta zo mana Farin Dutse kwana biyu, tun da ta sauka kuma maganar ke nan. Na maimaita mata "ba kya tsoron Allah" da muryarta sak, har da yadda take ja ta hanci. Ta jefe ni da ludayi. Ba wadda ta yi dariya a cikinmu.

Yayanmu Safiyanu ya shekara huɗu yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, irin manyan nan da ke tashi daga Legas su yi wata ba su ga ƙasa ba. Wata bakwai da suka wuce masu jirgin suka kira Kawu Iliyasu, ƙanen babanmu marigayi, suka ce igiyar ruwa ta share shi daga saman jirgi, an nema kwana biyu ba a gan shi ba. A makon ne aka sallamo Inna daga asibiti, hawan jini ya taɓa mata rabin jiki, idonta ya dushe. Likita ya ce kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali. Kawu ya ce a jira ta ji sauƙi.

To amma duk Juma'a Safiyanu yakan turo mata saƙon murya a wayata. Juma'ar farko da saƙo bai zo ba, ta ƙi cin tuwo. Ta biyu ta ƙi shan magani.

Ni kuwa tun ina ƙarama ɓarauniyar murya ce. Liman, mai tallan manja, akuyar maƙwabta, duk suna cikin maƙogwarona. Na taɓa sallamar aji guda da muryar hedimasta. Don haka Juma'a ta uku na shiga ɗaki, na rufe ƙofa, na danna waya na ce, "Inna, barka da Juma'a." Da na kunna mata ta saurara sau huɗu, ta ce a kawo mata kunu.

Daga nan abin ya zama aiki. Ƙugin inji, nakan zura kaina a cikin randa mara ruwa in yi. Ƙahon jirgi kuwa da tafin hannu biyu. Jirgin ban taɓa ganinsa ba sai a hoto guda: dogo, baƙi, ja daga ƙasa, kwantena jere a kai, farin bene a baya. Sauran duk ni na ƙera. Inna ta tambaya ko suna samun wurin salla, na sa masa rumfar kara da tabarmi a saman kwantena. Ta tambayi ruwan sha, na ajiye masa randuna uku. Na ba mai dafa abinci zabi guda shida. Kyaftin ɗin jirgin kuwa na ara masa muryar Malam Zulkifli mai kemis na Gwaram, ina sa shi yana yi wa Safiyanu faɗa daga nesa, Inna tana dariya har da tari. In ta gama sai ta ce in danna mata ta mayar da amsa. In danna, ta yi ta sa masa albarka. In fita waje in goge.

Ranar da muka yi faɗan nan Alhamis ce, ban kuwa haɗa saƙon gobe ba. Yaya ta ce in na sake yi ba ita ba ni. Na ce to ta shirya abin da za ta gaya wa Inna gobe bayan an sauko masallaci. Ta juya ga tukunyarta. Na ɗauki wayata da bokiti, na ce zan ɗebo yashin wanke tukunya.

Da damina rafin bayan gari yakan kawo ruwa zuwa ƙugu. Can nake zuwa saboda ƙarar ruwa, tana sa saƙon ya yi kama da gaske. Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa. Masu shinkafa sun tashi daga fadama. Kwale-kwalen fito yana ɗaure a gindin giginya, yana buga tushe a hankali. Kwaɗi sun fara. Ƙasa tana warin laka da ɗanyar ciyawa.

Na tsuguna a bakin ruwa, na gyara murya, na danna.

Na gaishe ta. Na ce mun baro wata ƙasa mai sanyi, an loda mana buhunan siminti, zabuwa ɗaya ta faɗa teku mai dafa abinci yana ta kuka. Na sa kyaftin ya daka tsawa. Sannan na haɗa hannu biyu a baki na busa ƙahon jirgi, dogo, yadda na saba rufewa.

Na sauke hannu.

Ƙahon bai tsaya ba.

Daga yamma yake zuwa, ta inda rafin ya yi kwana. Ba ƙara ba ce irin ta kunne. A haƙora na ji ta, da ƙasusuwan ƙirji. Bokitin da ke gefena ya kama rawa a kan yashi.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai wari. Man gas, tsatsa, da wani abu mai gishiri kamar an jiƙa kifi busasshe a tsohuwar garwa. Ban taɓa zuwa teku ba. Amma na san shi ne.

Ruwan rafin ya ja baya. Na ga lakar ƙasa ta bayyana, ƙananan kifaye suna tsalle a kai. Kwale-kwalen ya zauna a tabo ya karkace. Sannan ruwan ya dawo, sanyi ƙalau, ya rufe mini idon sawu.

Ya fito daga kwanar a hankali.

Rafin nan yaro mai ƙarfi yana jefa dutse ya haye shi. Jirgin ya fi kasuwar garin Sara tsawo. Ban san yadda ya shiga ba, ban kuma tsaya tunani ba. Bai karya reshe ko ɗaya ba, bai kwantar da shinkafa ba. Baƙi, ja daga ƙasa, ruwa yana zuba daga jikinsa. Giginyar da nake gani doguwa ko rabin bangonsa ba ta kai ba. Ya tare ranar. Wurin ya yi duhu kamar an rufe ƙofa.

Ban gudu ba. Ban ji tsoro ba ma, a lokacin. Kamar an ɗebe mini komai daga ciki aka bar fata a tsaye.

Na ɗaga kai. A saman kwantena akwai rumfar kara. Tabarmi a shimfiɗe. Randuna uku. Zabi suna yawo a bakin ƙarfe, na ƙirga su ba tare da na yi niyya ba.

Biyar.

Bayan farin benen kuwa babu komai. Ban taɓa ba Inna labarin ƙarshen jirgin ba. A nan ya yanke, sai wani hazo mara launi da ido ba ya iya tsayawa a kai.

Injin ya mutu. Ƙarfe yana ɗan ƙara, ƙas, ƙas, yana hucewa.

Wani ya leƙo daga sama. Farar riga, farar hula, ƙaton ciki, yadda na kwatanta wa Inna kyaftin ɗin. Tsakanin hular da wuyan rigar fata ce kawai, sumul, kamar bayan ƙwarya. Ban taɓa yi masa fuska ba.

"Safiyanu."

Muryar Malam Zulkifli mai kemis ce. Ba tasa ta gaskiya ba. Tawa, yadda nake yin ta, da ɗan ƙarin da nake sa mata don Inna ta yi dariya.

A hankali ya yi maganar, ba faɗa. Ya ce wata bakwai suna ƙirga mutane ana samun saura ɗaya. Ya ce duk mako suna jin sa yana magana a nan, sun sha wuya kafin su sami hanya.

"Aiki na jiranka. Hau."

Tsanin igiya ya warware daga sama, ya faɗo, ƙarshensa ya taɓa ruwa taku biyar a gabana.

Na buɗe baki in ce ni ce Munawwara, ƙanwarsa ce, wasa nake yi.

"Ga ni nan, Oga," in ji bakina.

Muryar Safiyanu.

Ƙafata ta ɗaga da kanta. Ruwa ya kai gwiwa.

Na nemi tawa muryar. Na rantse na neme ta. Na sami liman, na sami mai manja, na sami Yaya Khairiyya, duk suna nan a jere kamar kwanuka, amma da na kai hannu sai su zame. Tawa ban ma tuna inda nake ajiye ta ba. Na ja a'uziyya. Da muryarsa ta fito, har da ɗan kakin da yake yi kafin ya fara karatu.

Ruwa ya kai ƙugu. Zanena ya yi nauyi.

Kan nan mara fuska yana juyawa yana bin sautin. Sai na lura: in bakina ya tsaya, shi ma yakan tsaya, ya karkata kamar makaho a bakin titi.

Na cusa mayafina a baki. Na cije.

Maƙogwarona bai daina ba. Yana magana a bayan tsumman, yana cewa ga shi nan, a yi haƙuri, ya makara.

Ruwa ya kai ƙirji.

Hannuna na dama ya kama tsanin. Igiyar tana da sanyi da santsi. Ta motsa, ta fara ja sama.

Ƙafafuna suka bar ƙasa.

Sai wani abu ya taso mini daga ciki. Na tofar da mayafin, na yi amai. Ruwa ne, mai yawa, mai gishiri, ya fi abin da cikina zai ɗauka. Yana fita ta baki, ta hanci. A ƙarshensa wani abu ya biyo, dogo, kamar ana zare zare daga maƙogwaro.

"Inna, barka da Juma'a."

Ba daga bakina ba. Daga saman kaina.

Matakin tsanin da ke sama da hannuna ya lotsa. Babu kowa a kai. Na gaba ya lotsa. Na gaba. Muryar tana hawa tana gaisuwa, tana tambayar jiki, tana tambayar ruwan bana, tana ƙanƙancewa.

Hannuna ya saki.

Na faɗa ruwa. Na sha, na taso, na sake nitsewa. Injin ya tashi, igiyar ruwa ta ɗauke ni ta maka ni cikin shinkafa. Da rarrafe na fita, ina kama tushe. Ban waiwaya ba. Ƙahon ya yi sau ɗaya, can nesa.

Kwaɗi suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Ana kiran magariba na shiga gida, ba bokiti, ba mayafi, tafin hannuna a saɓule. Wayar tana ɗaure a bakin zanena, ban san lokacin da na ɗaure ta ba, ta sha ruwa ta mutu. Yaya Khairiyya ta taso da faɗa a bakinta, ta sunsuna ni, ta fasa. Ita ta yi mini wanka kamar jaririya. Da gashina ya bushe, farin gishiri ya fito a kai. Ta kankare da farce ta ɗanɗana, ta je ta wanke hannu.

Muryata ta dawo da safe. Sauran ma duk suna nan. Na gwada liman, ya fito. Na gwada ta Safiyanu, iska ce kawai. Ba iyawa kaɗai na rasa ba. Yaya ta kunna mini wani tsohon saƙonsa na gaske da ke wayarta, na saurara har ƙarshe. Wani mutum ne yana magana. Ban san shi ba. Na so in yi kuka, na jira, bai zo ba.

Aka sauko daga masallaci. Inna ta sa aka fitar da ita tsakar gida, aka jingina ta da bango, ta yafa sabon mayafinta kamar yadda take yi duk Juma'a. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta ce in kawo mata ɗanta.

Na zauna a gabanta. Yaya ta zauna ta riƙe hannun. Kawu Iliyasu, da muka aika aka kira, ya tsaya a bakin zaure yana juya hula.

Yaya ce ta faɗa. Ta faɗi igiyar ruwan, da kwana biyun da aka yi ana nema, da wata bakwai. Ni na faɗi sauran da muryata: randa, tafin hannu, amsoshin da na goge. Rafin kaɗai na bari. Muna yi muna kallon bakinta da gefen da ya shanye, Kawu ya riga ya tsayar da mai mota a ƙofar gida.

Ba ta faɗi ba. Ba ta yi salati ba. Ta daɗe tana kallon wajen da take zaton fuskata take, ƙuda yana yawo a kan mayafinta.

Sannan ta gyara zama ta ce, "To. Amma dai suna ba shi abinci da kyau a can ko?"