Manton Ramlatu

"Ba za mu je ba? Sake faɗi in ji!" Ramlatu ta ce wa mijinta.

Suma'ila ya cire hula ya shiga juya ta a hannu. Komi ne, wato akawu, a biro, ofishin 'yan sayen gyaɗa a Zinder, wata shida kenan da aurensu, kuma tun yana zuwa zance ya yi wa Ramlatu alkawarin zai kai ta Faransa a jirgin ruwa.

"Sheri, masoyiyata, kin dai ga ɗakin Inna da ruwan Agusta ya rushe. Abin da na tara na ba magina. Uwata ce, Ramlatu... a zaure take kwana."

"To ni fa? Malam, na riga na yi sallama!"

Nan matsalar take. Gida-gida Ramlatu ta bi unguwar Birni tana ban-kwana. An ba ta guzuri, kilishi da dakuwa, har ta cinye rabi. Ƙawarta Sakina ta yi saƙon turare. Ga uwa uba manto, wata rigar sanyi da ta sa tela ya ɗinka mata da bargo sukutum, don an ce sanyin can yana daskarar da yawu a baki. Matar da ta yi irin wannan sallama, da wane ido za a gan ta gobe a bakin rijiya?

"Gidanmu zan koma," ta ce, hawaye shar. "Ka maida ni abin dariya!"

Ya sha gabanta, don yana sonta kamar ransa.

"Tsaya... mu tafi Mirriya gun Gwaggo Ladi. Mu ɓuya har hutuna ya ƙare."

"Mirriya! Inda jaki ke zuwa ya dawo kafin la'asar?"

Amma da safe sai ga ta a tasha cikin manto, an ɓalle maɓalli har wuya, rana na dukan ƙwaƙwalwa. Ta hau kamyon Mamman direba tana ɗaga wa 'yan rakiya hannu, gumi na tsiyaya har cikin takalmi. Ta juya wa mijin baya har suka isa.

Gwaggo Ladi ta tarbe su da guɗa, ta dubi rigar ta ce, "Wayyo 'yar nan, masassara kike?"

Fushin bai yi wani ƙarko ba. Garkar Gwaggo akwai inuwa, ga rake, ga ruwa na bin kwalbatai. Suma'ilan da biro ke haɗiyewa tun safe, yau ga shi ya naɗe wando yana mata ban-ruwa, yana zamewa cikin laka.

"Madam, ga teku," ya ce, ya nuna mata tafki. "Wancan kwaɗon shi ne kaftin ɗin jirgi."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ita kanta ta san tun aurensu ba ta taɓa samunsa haka ba, nata ita kaɗai. Sai dai da ta tuna Birni, sai rake ya fita ranta.

Ranar kasuwa ta kasa haƙuri. Ta lulluɓe ta shiga rumfar masu tukwane. Tana ƙwanƙwasa wani tulu ta ji an dafa ta.

"Bonjur, mutanen Faransa! Ina turarena?"

Sakina ce. Ramlatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Don Allah ki rufa mini asiri..."

"Wane asiri? Ke, kamyon Mamman kika hau fa! Tun da aka ƙera motar nan ba ta taɓa wuce Mirriya ba. Muna ɗaga miki hannu muna danne dariya."

"Shi kenan, na shiga uku. Ba ni ba Birni."

"Kin ji ki! Ai Inna Gambo, uwar mijinki, ta gama zagaye unguwa. Duk gidan da ta shiga sai ta yi kuka, ta ce surukarta ce ta fasa Faransa don ta samu ɗakin kwana. Har tsofaffi na sa miki albarka. Da gaske ke kika ce a fasa?"

Ramlatu ta ajiye tulun. Kunyar da ta kama ta yanzu ta fi ta ɗazu ciwo. Ita da ta yi barazanar yaji saboda ɗakin tsohuwar, ita tsohuwar ta rufa wa asiri.

A garka ta iske Suma'ila. Ta durƙusa gabansa cikin laka tana kuka.

"Malam, ka yafe mini. Gobe mu koma gida."

"Gorin mata fa?"

"Su yi. Na sai wa kowa tsarabar tulu. Sakina ta zuba turarenta a ciki."

Ya ɗago ta yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Rabin raina, Faransar fa?"

"Ta jira mu."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko manton, ta kakkaɓe shi, ta naɗe a hankali.

"Wannan na Inna ne," ta ce. "Sabon ɗaki akwai sanyi."