Ranar da Alamar Saiti ta Dushe

"A ɗaga auren? Maimaita in ji da kyau!"

Auta ta dire jakarta a kan teburin shagon, tsakanin kwamfutocin da aka kwance da tarin ƙananan sukurori. Maharbi bai ɗago ba, sai juya sukudireba yake yi a hannu.

"Cewa na yi a ɗan dakata... zuwa wani lokaci."

"Wane lokaci? Abba ya gama sanar da dangi, Yaya har hutu ya ɗauka a wurin aiki. Me zan koma in ce musu?"

"Ki ce laifina ne."

"Da ma na wa ne?"

A shagon nan suka haɗu, ranar da ta kawo gyaran kwamfutarta ta tarar da shi a lungu yana wasan harbin da ya sa abokansa suka laƙaba masa Maharbi. Ta ce ya ba ta ta gwada, ya miƙa mata kujera yana dariyar raini, ta cinye shi. Tun daga nan ba su sake rabuwa ba.

Amma kwanakin nan ya zama wani mutum daban. Ya rame, ya fita daga ƙungiyarsu ta wasa, waya ma sai ta kira ta gaji.

"Wata ka samu, ko?"

"Wallahi babu wata, rabin raina."

"Kar ka sake kira na da wannan sunan in ba za ka faɗa mini gaskiya ba!"

Ya ajiye sukudireban a hankali. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Idona ne, Auta. Irin na Baba ne ya kama ni."

Auta ta san Baba, ta san yadda ganinsa ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan har ya ɗauke gaba ɗaya. Ta sha ganin Mama na riƙe da hannunsa daga ɗaki zuwa tsakar gida.

"Ba zan auro ki in mayar da ke 'yar jagora ba," ya ce. "Kuma iyayena ni kaɗai gare su. In na makance, wa zai riƙe su, balle ke?"

"Likita ne ya faɗa maka?"

"Ban je ba... ina tsoron abin da zan ji. Zo ki gani da idonki."

Ya ja ta zuwa lungun, ya kunna wasan. Filin daga ya bayyana a allo, ciyawa da bishiyoyi ko'ina.

"Duba alamar saiti, wannan ɗan ɗigon na tsakiya da ake ɗora wa abokin gaba kafin a harba. Da kamar fitila nake ganinta. Rana ɗaya na wayi gari ta dushe. In na ɗaga bindiga sama ina ɗan hango ta, da na sauko kan ciyawa sai ta narke. Haka Baba ya fara, ƙananan abubuwa ne suka soma ɓace masa."

Auta ta matso tana share hawaye.

"Amma ga ta nan, ja wur!"

"Kin gani? Ke kina gani."

"Tsaya... tsaya tukuna. Ja? Yaushe ta koma ja? Ai rawaya ce taka!"

"Ni ban taɓa canza komai ba."

"Ni na canza! Ranar da ka sa wasan a wannan kwamfutar, ka fita sallamar mai karɓar gyara, na mayar da ita rawaya don na fi son ta haka. Matsa!"

Ta ture shi daga kujerar. Ta shiga wurin gyare-gyare, ta gangara har kan alamar saiti. Komai ya koma yadda ya zo daga kamfani, da alama tun lokacin da aka sabunta wasan. Ta danna launi, ta ja shi zuwa rawaya, ta koma fili.

"Yanzu fa?"

Maharbi ya dafa teburin da hannu biyu.

"Ga ta... Auta, ga ta can! Rangaɗau!"

Ta mayar da ita shuɗiya. Ya ce yana gani. Ta sa fara, ya ce sarai. Ta sa koriya, ya ce ta narke. Ta mayar da ja, ya girgiza kai.

"Wannan da ta ɗazu ai kusan ɗaya ne."

Dariya da kuka suka ƙwace mata lokaci guda.

"Mai gyaran kwamfuta guda, ka kasa leƙa setin wasanka!"

"Tsoro ne ya toshe mini kai. Da na ga ta dushe, Baba kawai na tuna."

"To rufe shagon. Asibiti za mu yanzun nan, ba zan yarda da hukuncin wasa ba."

A layin jiran likita bai saki gefen mayafinta ba, kamar wanda za a sace. Likitar ido ta auna shi da na'ura, ta haska ciki da waje, sannan ta buɗe masa wasu hotuna masu ɗige-ɗigen launi ta ce ya karanto lambar da ke ciki. Auta na ganin lambobin daga inda take zaune. Shi kuwa wasu ya karanta, wasu ya ce babu komai.

Likitar ta yi murmushi.

"Idonka lafiya lau yake, babu alamar ciwon mahaifinka. Ja da kore ne ba ka bambancewa sosai, kuma da shi aka haife ka. Ba ya ƙaruwa, ba ya makantarwa. Amma saboda tarihin gidanku, duk shekara ina son ganinka a nan."

"Zan kawo shi da kaina," Auta ta yi caraf ta amsa.

Maharbi ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Ita ma sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka har ƙasa.

Gidan su Maharbi suka wuce kai-tsaye. Mama ta saurari labarin baki buɗe, can sai ta tafa hannu.

"Oh ni! Shi ya sa tun yana yaro in na aike shi sayen tumatir sai ya kwaso mini ɗanye! Ni kuma in ta faɗa ina cewa wasa ya tsaya!"

Baba ya yi dariya har da tari. Daga nan ya miƙa hannu yana laluben ɗansa, ya kamo kunnensa ya murɗa kaɗan.

"Ashe kana ɗauke da wannan kaya ka yi shiru? Har za ka saki yarinyar kirki saboda ni? To ko da makantar ce, ka tambayi uwarka ko ta taɓa cewa ta gaji."

"Na gaji da surutunka dai," in ji Mama, tana goge ido da bakin zani.

Da Maharbi ya rako Auta bakin titi, rana ta yi sanyi. Ya tsaya a gabanta, kai a ƙasa.

"Ki yafe mini, rabin raina. Na yanke mana hukunci ni kaɗai."

"Ka san da makantar ce ma ba inda za ni?"

"Yanzu na sani."

"To zan yafe, amma da sharaɗi. Kai za ka kira Abba ka ce masa ranar aure tana nan daram."

"Yanzu ma kuwa!"

"Sannan labule, kujeru da fentin gidanmu, duk ni zan zaɓa. Ba ruwanka!"

Ya fashe da dariya, ya zaro wayarsa. Tana tsaye a gefensa ta ji muryar Abba ta amsa sallama, ta ji Maharbi na cewa, "Abba, lafiya ƙalau... na kira ne in ce mun shirya."