Wa Ya Sauya Ƙwaƙwalwar Jif Ɗin Likita?

Jif ɗin ta ƙi tashi. Ɗan Fis mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya murɗa makulli har hannunsa ya gaji, inji ya yi ta juyawa a banza. Mai motar, likitar dabbobi, tana tsaye a kansa da jakar allurai, ana jiranta a wata gona inda shanu ke ta kwanciya.

Ba ƙaramar wahala tsohuwar motar nan ta ba shi ba. An sauya fulogi, an sauya famfon mai, tana nan tana mutuwa a tsakiyar titi duk ranar da aka yi ruwa. Da ƙyar ya gano gilashin gaba ne ke yoyo, ruwa na ɗiga kan ƙwaƙwalwa, ɗan akwatin nan da ke gaya wa inji lokacin shan mai da ba da wuta. Jiya ya sa wata mai kyau, ya manna mata roba a ka da baƙin gam, ya toshe gilashin, aka bar motar ta kwana don gam ya bushe.

Ya kwanta a ƙasan kujerar gaba, ya zaro akwatin, ya kwance murfin. Ƙauri ya buge shi. Ciki baƙi ƙirin.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji shi.

"To ta wa ce? Tawa?" Likita ta ce, ta zaro waya ta kira 'yan sanda.

Kafin ya gama rantse-rantse wani Sajan ya tsallako daga ofishinsu na bakin titi. Gareji ya taru. Yayan Ɗan Fis, mai walda, wanda rumfarsa ke jikin tasa, ya kawo wa Sajan benci yana cewa a bi a hankali, yaron nan ba halinsa ba ne.

"Magana a fili take," in ji Sajan. "An ce ka sa mai kyau, ka sa matacciya."

"Yallaɓai, matacciya ce ta zaga da Likita layin nan jiya?"

Likita ta harare shi, amma ta amsa cewa lallai jiya motar ta yi lafiya lau. Da wannan wanda ya sayar wa Ɗan Fis da ƙwaƙwalwar ya fita daga zargi.

"To bayan ta tafi ka cire ka sayar. Kafin rana ta take ka nuna mini ɓarawo, in ba haka ba kai ne shi."

Ba don komai ake ce masa Ɗan Fis ba sai don saurin ɗaukar zafi, amma yau dole ya haɗiye. Ya sani sarai, mai wayarin da aka fita da shi a ankwa kan satar kayan mota, ko an sake shi gobe, ba mai sake miƙa masa makulli. Takaici ya cika shi har wuya.

Ya fara da Tumbi makaniki, don a rumfarsa ake rataye makullan duk motar da ta kwana.

"Makullin jif ɗin nan fa?"

"Yana kan ƙusa, inda ka sa shi."

"Wa ya taɓa?"

"Wa bai taɓa ba? Rumfar tawa ƙofa gare ta?" Tumbi ya shafa cikinsa. "Kuma dube ni da kyau. In na shiga ƙarƙashin kujerar nan, sai dai a kira yayanka ya yanke mota a fito da ni."

Mutane suka kwashe da dariya, Ɗan Fis bai ko murmusa ba. Ya dubi hannun Tumbi, ya dubi shimfiɗar motar. Duk abin da mutumin nan ya taɓa sai ya bar masa baƙin mai, ita kuwa shimfiɗar tsaf take. Ya ƙyale shi.

Ya koma ya buɗe akwatin fis, 'yan ƙananan abubuwan nan da ke fara ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya bi su ɗaya-ɗaya. Ko guda bai ƙone ba. Wayoyin ma lafiyarsu ƙalau, babu inda ya narke. Wutar da ta gasa ƙwaƙwalwa haka ba za ta bi ta cikin mota ta wuce ba ta bar alama ba. Ashe a wata motar ta ƙone.

Ya nufi Baba maigadi a bakin ƙofa.

"Baba, wani baƙo ya shigo bayan mun tashi?"

"Ko kaza."

"Wata mota ta fita?"

"Babu. Ni da bayana ke ciwo ban runtsa ba, ai da na ji. Shekaranjiya yayanka ya sa ni tura jif ɗin nan da aka kawo masa da ta mutu, har yau ban miƙe ba. Abin haushi, yau da sassafe na ga ta tashi da kanta, ya kai ta wajen masu fenti."

Ɗan Fis ya matso kusa da shi.

"Wace jif, Baba?"

"Irin ta Likita mana, wadda ya yi wa walda a ƙofa."

Ya so ƙwarai a ce bai ji ba. Ya daɗe tsaye a rana, yana neman wata hanyar da maganar za ta bi, bai samu ba. Sajan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube shi.

"Yallaɓai, mu je wajen masu fenti."

Jif ɗin tana can an rufe gilasanta da jarida. Ɗan Fis ya kwanta, ya zaro ƙwaƙwalwarta, ya miƙa wa Sajan. A saman murfin ga sawun baƙin gam, bai ma gama bushewa ba. Ya ɗauko robar da ke kan ƙonanniyar ya ɗora, ta zauna daram.

"Yi mini bayani," in ji Sajan.

"In za ka yi wa mota walda, sai ka cire kan batir, ka zare fulogin ƙwaƙwalwa. In ka yi ƙiwa, wutar walda ta bi jikin mota ta gasa ta. Abin da ya sami wannan jif ɗin ke nan, shi ya sa aka tura ta shekaranjiya. Tsofaffin motocin nan kuwa ba ruwansu, ta wannan tana shiga waccan. Aka ɗauki makulli a kan ƙusa, aka yi musaya, aka ɓamɓare robata aka manna wa matacciyar don in ɗauka tawa ce ta mutu." Ya hango yayansa cikin mutanen da suka biyo su. Ya juya. "Yaya, sau nawa na ce maka ka riƙa cire batir? Sau nawa?"

Yaya ya yi tsuru-tsuru, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Mai wannan jif ɗin ba ya jin bari," ya ce a hankali. "Na ɗauka za a ce mai kaya ne ya ba ka jabu, a sauya maka."

"Da Sajan ya ce zai tafi da ni fa? Benci ka kawo masa!"

Likita ba ta jira sauran ba. Ta ce a mayar mata da abinta, shanu ba su san 'yan'uwantaka ba. Ɗan Fis ya mayar, ya murɗa makulli sau ɗaya inji ya ɗauka. Ta ce masa ya yi haƙuri, ta ja motarta ta fice. Bai ji daɗin komai ba.

Sajan ya riƙo hannun rigar Yaya. Da suka zo wucewa, Yaya ya tsaya, ya dubi ƙanensa da jajayen idanu.

"Yanzu ni ka tona wa asiri a gaban mutane? Da ka yi shiru an tafi da kai, ai da ni zan zo in yi belinka."