Gadon da Malam Fatihu Bai Taɓa Ba

"Ni dai tambaya ɗaya na yi maka, Malam. Me Mubina take yi a wurinka bayan an tashi daga makaranta?"

Fatihu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce aikin aji ne kawai, ta yi haƙuri, sanyin idonsa, lokaci na zuwa da za ta gani. Saliha ta ji kamar ta kwaɗa masa mafici. Mutumin da aka sa musu rana bayan girbin shinkafa, shi ne yau yake mata magana a dunƙule!

Fatihu malamin kafinta ne a wata sakandare a Kura, inda aka buɗe wa ɗalibai ajin koyon sana'a. Mubina, ƙanwar Saliha, tana cikin 'yan matan da suka shiga, har maƙwabta suna tsokanarta da Hajiya Zarto. Da farko Saliha dariya take yi. Amma da yarinyar ta fara kaiwa la'asar ba ta dawo ba, mayafinta duk garin katako, ga shi in an ambaci Malam sai ta kawar da ido, dariyar ta tsaya. Shi ma in ya zo zance irin wannan garin ne a takalminsa.

Ga gidan ba daɗi. Tsutsa ta cinye tumatirin mahaifinsu Baba Hambali kaf a bana, kullum yana bakin kwatar ban-ruwan gonar ya zabga tagumi, maganar kayan ɗaki kuwa ba mai iya tayar masa da ita. Tsoro ya cika Saliha. Gani take za a ɗaga bikin, kafin nan kuma ƙanwarta ta ciki ɗaya ta yi mata ƙafa.

Ba ta iya haɗiyewa ba, ta gaya wa Inna. Inna ta gaya wa Baba, shi kuma ya yanke hukunci a taƙaice: daga gobe Mubina ta bar ajin nan. Mubina ta kalli yayarta har sai da Saliha ta sauke nata idon.

Duk da hukuncin Baba, washegari Mubina ta sake makara. Saliha ta zari hijabi ta tare babur, sai makarantar.

Ta taga ta fara leƙawa. 'Yan mata ne da samari, kowa da aikinsa. A tsakiya ga fuskar gado ta jan katako jingine da bango, an sassaƙa mata zangarniyar shinkafa. Mubina na durƙushe tana kokawa da dogon katakon gefe, in ta ɗaga wannan bakin wancan ya zame. Fatihu kuwa yana tsaye nesa, ya harɗe hannuwa a baya, da baki kawai yake nuna mata.

Da ya hango Saliha sai ya fito. A hankali ya gaya mata cewa itacen maɗacin da iska ta kayar a gonar Baba ne Mubina ta kai aka tsaga. Ita ta zaɓi gadon auren Saliha a matsayin aikinta na jarrabawa, ta kuma rantsar da shi kada ya faɗa.

"Ko ƙusa ɗaya ban buga ba, Saliha. Kin san garin nan... in aka ji hannun ango a gadon amarya, har abada za a riƙa yi wa Baba gori. So Mubina take a ce daga gidanku ya fito."

Kunya ta rufe Saliha. Ta shiga ta tsaya a kan ƙanwarta, hawaye na zuba.

"Mubina... ki yafe mini. Wallahi ni zan je in durƙusa wa Baba, ya bar ki ki ci gaba da aji."

Mubina ba ta ɗago ba. Ta share hanci da bayan hannu, duk yatsunta sun yi kanta.

"Ni kika zarga, Yaya? Ni?"

Ɗaliban suka dakata da aiki, aka daina jin ƙarar zarto. Can Mubina ta turo mata ɗaya bakin katakon da ƙafa.

"Shi ba zai taɓa ba, ni kuma hannuna biyu ne. Riƙe nan. Ki riƙe da kyau, kada ya karkace."

Saliha ta tattare hijabinta, ta durƙusa a cikin garin katako ta riƙe, Mubina ta ɗauki guduma.