Inda Yake Zuwa Ranar Alhamis

An ɗaura auren ranar Asabar da hantsi, a falon mahaifinta, bayan an fitar da kujeru an juya fuskar talabijin ga bango. Amarya ma'aikaciya ce a shagon tabarau, ango kuma mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Waɗanda suka san su a waya kawai, a zauren masu kallon shirin Koren Labule, sun yi mamaki, domin ba su taɓa ganin mutanen nan biyu sun yarda da juna a kan komai ba.

A shagon suka haɗu, wata Juma'a da rana. Na'urar ta mutu, zafi ya cika ɗakin, talabijin ɗin bango kuma tana maimaita kashin shirin da aka nuna jiya. Shirin labarin wata attajira ce da ta ɓace daga gidanta, ta bar takalmanta a bakin ƙofa, kuma kowa a gidan yana da abin da yake ɓoyewa. Tana goge gilashi tana yi wa abokiyar aikinta bayani cewa direban gidan ne ya kashe matar. Ta lura duk wanda zai yi ƙarya a shirin sai an tsayar da shi gaban koren labulen falo, direban kuwa nan ya tsaya da aka tambaye shi.

"Ba shi ba ne," in ji wata murya daga sama.

Takalma ta fara gani a kan tsani, sannan hannu riƙe da sukudireba, sannan fuska mai ƙura a gira. Ya ce direban ya tsaya gaban labule, gaskiya ne, amma bai buɗe baki ba, kuma wanda ya yi shiru ba a ce ya yi ƙarya. Ya ce ta duba shayi. Duk lokacin da aka zuba wa direban, ba ya sha, sai ya ajiye kofin a cike a gefen da matar take zama. Mutum ba ya ajiye wa matacce shayi. Tana raye, ita ce ta roƙe shi ya rufe bakinsa.

Kafin ta sami amsa na'urar ta tashi. Iska mai sanyi ta sauko a kanta, 'yan takardun da ke rataye a jikin tabarau suka shiga rawa gaba ɗaya, fuskarsa kuma ta bayyana a kowane madubi na shagon. Ta daɗe tana goge gilashin da ya riga ya fita tas.

Ita ce ta saka shi a zauren. A can ana kiranta Sufeto, shi kuma ta raɗa masa Na Saman Tsani. A gaban jama'a suna musu kamar 'yan kishiyoyin jam'iyya, a bayan fage kuma saƙonni suka fara tsayi.

"Sufetona, yau na gyara na'ura a wani ofis mai koren labule. Ban yarda na yi magana a gabansa ba, don tsoronki."

"Ka kyauta wa kanka. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Na zuba shayi na ajiye a gefenki."

Ta karanta wannan a cikin motar haya, ta wuce inda za ta sauka.

Abu ɗaya ne bai zauna mata ba. Ranar Alhamis da yamma, lokacin da ake nuna sabon kashi kuma zaure yake tafasa, wayarsa a kashe take. Sai an gama ya dawo da abubuwan da ba wanda ya gani: maɓallin da ya ɓalle a rigar mai aiki, hannun da direban ya riƙe makulli da shi. Ta tambaye shi inda yake kallo. Ya ce amana ce, ta yi haƙuri. Ta tambayi ranar da zai kai ta ta gaida mahaifiyarsa. Ya ce nan ba da jimawa ba, kuma haka ya ci gaba da cewa.

Baba, mahaifinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, da farko ya yi na'am da yaron. Wanda ya dagula ruwan shi ne Lauya, ɗan aminin Baba, wanda ya buɗe zauren kuma ya daɗe yana kai gaisuwa gidan ba tare da an ba shi fuska ba. Wata rana suna zaune a falo ya ce, cikin dariya, ba abin mamaki ba ne mutum ya dage da kare direba, tunda shi ma yana da tasa awar da ba a san inda yake ba.

Baba bai yi dariya ba. Da yaron ya zo, ya tambaye shi kai tsaye. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ba wurin banza yake zuwa ba, amma sirrin ba nasa ba ne.

"To, ni ba na ba da 'yata ga gidan da ke da ɗaki a kulle," in ji Baba. "Ranar da ka buɗe, ka dawo."

Daga nan ta fara kallonsa yadda take kallon shirin. Ta lura idan suna tafe yakan ce "ga mataki" tun kafin su kai. Idan zai miƙa mata kofi sai ya juya mariƙin ya taɓa shi da yatsunta. Ta ce a ranta wannan hannu ya saba da hannun wata. Ranar Juma'a kuma rigarsa takan zo da ƙamshin turaren mata. Da ya biyo ta shago ya rantse mata babu wata, sai idonta ya tsallake kafaɗarsa ya sauka a kan labulen ɗakin gwajin ido. Kore ne.

Ta rubuta masa bayan ya tafi: "Ka san inda ka tsaya da kake rantsuwar?"

"Sufetona, labulen shagonku ne. Ba ni na zaɓi launinsa ba."

"Haka su ma suke cewa."

Bai sake rubutu ba, ita ma haka. Kwanakin suka yi mata kamar ta saka tabarau na wani: komai yana nan, babu abin da ke daidai.

Ranar Alhamis ta nemi izini a wurin aiki. Motarsa ba ta da wuyar bi, tsanin yana ɗaure a samanta. Motar ta tsaya a gaban wani tsohon bene, ya shiga da leda a hannu. Ta jira kiɗan buɗe shirin ya fara fitowa daga tagogin maƙwabta, sannan ta hau. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Hasken yamma ya kwanta a kan keken ɗinki da aka lulluɓe da zane, da wata dattijuwa a kujera, fuskarta ba ta kallon talabijin, tana kallon inda muryarsa take.

Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, yana magana a hankali a tsakanin maganganun 'yan wasa. Yanzu direban ya shigo, Umma. Rigarsa ruwan toka ce. Ya kalli matakala, ya sauke kai. Mai aiki tana bayan ƙofa, bai gan ta ba.

"Dakata," in ji dattijuwar. "Wa ke bakin ƙofa? An tare mini iska."

Da ta juyo, Sufeto ta ga abin da take gani a wurin aiki kowane mako: yanar ido ta rufe idanun biyu, fari fat.

Ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Shi ya miƙe tsaye. Umma ta miƙo hannu, ta shafa fuskarta daga goshi zuwa haɓa, ta ce ashe wannan ce mai ɗora wa bawan Allah kisan kai. Ta ce zancen shayin ma nata ne: ta ji an zuba, ba ta taɓa jin an kurɓa ba. Sannan ta faɗi sauran ba tare da neman tausayi ba. Ta yi shekaru tana zura zare a allura ba tabarau, ba ta so a riƙa nuna ta a unguwa. Ta kuma ji tsoron a ce wa yarinya za ta shiga gidan jinya, a hana ɗanta aure. Ita ta sa shi ya yi alkawari.

Suka ƙarasa kashin su uku. Wurin da ya manta launin gyalen mai aiki, Sufeto ta cike masa.

A gida Baba ya ga fuskarta ya san ta gano wani abu. Ya tambaya. Ta ce ta je, ta gani, ba wurin banza ba ne, amma sirrin ba nata ba ne. Baba ya cire tabaransa ya dube ta da kyau, ya ce ashe ciwon yana yaɗuwa. Bai sauya magana ba.

Saƙon ya shigo washegari da safe: "Umma ta ce a goge mata mayafinta mai kyau. Ta ce ke za ki riƙe mata hannu, wai ni ina saurin tafiya."

Haka Umma ta shigo falon Baba da rana tsaka, a gaban maƙwabta, hannunta a kafaɗar yarinyar, kanta a ɗage. Ta zauna, ta gaisa, ta ce ita ce ɗakin da aka kulle, ga ta ta buɗe kanta.  Baba ya ce wanda ya iya riƙe amanar uwarsa har ya kusa rasa abin da yake so, zai iya riƙe 'yar wani. Daga baya ya tambaye ta, cikin ladabi, ko da gaske tana ganin direban ba shi da laifi. Suka yi musu har shayinsu ya huce.

Ranar auren Umma ta haɗa hannuwansu a cikin nata, ta ce Allah ya sa su zama idon juna, ya ba su zuri'a mai jin ƙai, ya raba su da zargi. Baba ya amsa da amin fiye da kowa ƙarfi. Lauya ya turo saƙon taya murna a zaure, ya ƙara da cewa har yanzu direban ne.

Amarya ce ta shawo kan Umma ta yarda a kai ta asibitin ido. Likita ya duba ya ce yanar za ta ciru, amma ta yi kauri har ba ya iya hango abin da ke bayanta, sai an buɗe. An sa aikin ranar Talata. Ranar Alhamis za a cire bandeji, ranar da tashar ta ce za ta nuna kashi na ƙarshe. Likitan bai yi alkawarin komai ba.