Takardun Mai Burodi

Ran Talata, ranar kasuwa a garinmu Tarnów na ƙasar Poland, Tymon ya tsayar da motar burodinsa daidai gaban wani ƙaramin tebur. A bayan teburin wata budurwa ce mai jar hula, sanyi ya mai da hancinta kalar hular.

"Bawan Allah, ka tare min mutane. Ko ka matsa, ko ka sa hannu."

"In na sa hannu, motar za ta tsaya?"

"Minti biyar."

Sunanta Jagoda, ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi masa bayanin aikin da likitoci ke yi wa ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a asibiti, a mayar mahaifa. A wasu manyan biranen Poland hukumar birni na taimakawa da kuɗin aikin. Mutumin ƙauye kuwa, sai ya sayar da gona ko ya haƙura. Kwamitinsu na neman sa hannun mutum dubu ɗari cikin wata uku, don majalisa ta duba dokar da za ta sa gwamnati ta biya wa kowa.

Ta karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ta kwafe lambar da kanta, tana faɗa masa amfaninta. Shi dai bakinta yake kallo, bai ji komai ba.

Ya bar mata burodi mai zafi, ya tafi da lambar wayarta da takardun tara sa hannu ashirin.

Da yamma saƙo ya shigo: "Mai burodi, an cinye. Gobe akwai?"

Ya mayar: "Ga mai jar hula, kullum akwai."

Tymon ya bar makaranta yana ɗan sha shida, ya taɓa gini, ya taɓa kanikanci, babu inda ya daɗe. Amma ƙauyuka tara yake kai wa burodi, ya san sunan karen kowane gida. Cikin mako biyu ya cika takardun. Ka san mutanenmu, su ba ka abinci da wurin kwana, amma lambar katinsu ko ɗan'uwa ba sa son faɗa wa. Duk wanda ya yi jim, sai Tymon ya ce, "Bar lambar, Baba, suna da sa hannu sun isa."

Ya shiga ofishin kwamitin yana taku ɗai-ɗai. Kornel, lauyan da ke shugabantar su, wanda kullum yake kawo wa Jagoda kofi, ya ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu.

"Malam direba, ina lambobin? Sa hannun da babu lamba, shara ne. Sai dai ka naɗe burodi da su."

Aka yi dariya. Jagoda ba ta yi ba.

"Na faɗa maka tun ranar farko, Tymon. Mutanen nan sun ɗauka an ƙirga su. Kai wasa ka ɗauki abin, don ka burge ni."

Kwana biyu ba ta amsa wayarsa ba. A gida ma wuta ce. Mamarsa, Danuta, ita ce shugabar matan addu'a a cocin ƙauyensu, kuma coci ba ta yarda da wannan aiki ba.

"Yarinyar da ta sa ka yawon nan," ta ce, "kada ka kawo min ita. Ba za ku durƙusa a ɗakina in sa muku albarka ba."

A wurinmu ango da amarya ba sa fita zuwa coci sai sun durƙusa a kan farin ƙyalle, iyaye sun sa musu albarka. Tymon ya san ba zai iya aure babu wannan ba.

Ya tura wa Jagoda saƙo: "Gaskiya ne, ranar kallonki nake yi, ban saurara ba. Yanzu na ji. Saura kwana goma sha ɗaya. Zan koma gida-gida."

Haka ya yi. Yana sauke burodi, sai ya cire hula a ƙofa.

"Inna, kuskure na yi. Ɗauko katin."

"Kai da ka ce ba komai?"

"Ni ne. Jakin ne ya dawo."

Wasu suka kore shi. Mafi yawa suka yi dariya suka shiga neman tabarau.

Ran Lahadi ya baza takardun a teburin kicin yana duba lambobi ɗaya bayan ɗaya. Mama ta zo kwashe kwanoni, idonta ya faɗa kan sunaye. Ga matan addu'arta har uku. A ƙasan shafin kuma ga sunan Bogna, yayar Tymon, mai shekara tara da aure. Bogna na zaune a wurin, ta zo cin abincin rana.

"Ke kuma? Ba ke kika ce min ba ku shirya haihuwa ba?"

Bogna ta ajiye cokali. "Na faɗa ne don ki daina tambaya, Mama. Shekara shida muna zaryar asibiti. Da a babban birni muke, da tuni an gwada mana."

Mama ta zauna. Ta daɗe tana shafa gefen takardar. Tymon ya tura mata biro a hankali, ta ture shi.

"Ba zan sa hannu ba. Abin da na yi imani da shi yana nan." Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. "Amma ka tsallake gidajen bayan injin niƙa. Matan can ba sa buɗe wa namiji ƙofa. Tashi in raka ka."

Ana saura kwana ɗaya ya dire takardu talatin da ɗaya a gaban Kornel. Lauyan ya bi su layi-layi yana neman aibu, bai samu ba.

Jagoda ta bi Tymon har mota.

"Mai burodina, na yi maka mugun zato."

"Ba komai, mai jar hula. Mama ta ce ki zo ran Lahadi. Ki ci da yawa, da haka take auna mutum."

"In na wuce jarrabawar fa?"

"Sai ki sa min hannu a wata takardar. Wannan karon zan duba lambar da kaina."

Kafin bikinsu majalisa ta amince da dokar. Ranar auren, Bogna ta zo da takardar ganin likita a jakarta, tana ta leƙa ta kamar za ta gudu.

Mama da kanta ta shimfiɗa farin ƙyallen. Suka durƙusa. Ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗanta, ɗaya a kan Jagoda.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika gidanku. Wanda yake jira a gidan nan, Allah ya duba shi." Ta kalli Bogna, sannan ta dubi mutanen da suka cika ɗakin. "Ɗana bai gama makaranta ba, amma ƙauye tara ya bi sau biyu don ya gyara kuskurensa. Ku tashi, Allah ya yi muku albarka."

Da aka fito daga coci aka tarbe su da burodi da gishiri, kamar yadda al'adarmu take. Jagoda ta gutsura, ta ɗaga kai tana murmushi.

"Gobe akwai?"

"Kullum akwai."